Wasiƙun Gida da Nasabar Mata: Tsokaci a kan Shafinku na Tarihi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili domin in yi tsokaci a kan wata magana da na karanta a shafinku na tarihi. Marubucin shafin, wanda na daɗe ina ƙaruwa da rubutunsa, yana bayani ne a kan yadda ake gano asalin matan da suka shahara a zamanin da, sai ya ce idan aka samu wasiƙar da 'yan gida suka rubuta wa junansu wadda ta ambaci uban mace, to gardama ta ƙare, domin a ganinsa mutum ba ya yi wa ɗan'uwansa ƙarya a takardar da bai yi zaton bare zai gani ba. Na shafe shekara talatin da 'yan kai ina koyar da tarihi a makarantun sakandare a nan Jos kafin in yi ritaya, kuma na taɓa riƙon wannan ra'ayi har na koyar da shi. Abu biyu ne suka sa na sauka daga kansa, wato labarin wata mata a Amurka mai suna Harriet Hemings, da wani akwatin ƙarfe da muka buɗe a gidanmu.

An haifi Harriet a 1801 a Monticello, gandun Thomas Jefferson da ke jihar Birjiniya, a shekarar da shi Jefferson ya zama shugaban Amurka na uku. Mahaifiyarta, Sally Hemings, baiwa ce a gidan, kuma dokar wurin a wancan lokaci ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, saboda haka ita ma Harriet cikin bauta aka haife ta, ko wane ne ubanta. Mai karatu zai lura da nisan da ke tsakanin wannan da abin da muka sani a ƙasar Hausa, inda ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne cikakke, yana cin gado, har yakan hau gadon sarauta. Matar Jefferson ta rasu tun 1782, bai kuma sake aure ba. A 1802 wani ɗan jarida mai suna James Callender ya buga a birnin Richmond cewa shugaban yana da 'ya'ya da baiwarsa, amma Jefferson bai fito bainar jama'a ya ba da amsa ba. Da Harriet ta kai shekara 21, a 1822, sai ta bar gandun. Sarkin gandun, Edmund Bacon, ya faɗa daga baya cewa shi ne ya ba ta dala 50 ya sa ta a keken doki mai zuwa Filadalfiya bisa umarnin maigidan, alhali a littafin lissafin gandu an rubuta cewa gudu ta yi, kuma ba a tura kowa nemanta ba. Da yake fara ce sosai, sai ta shige cikin fararen fata ta ci gaba da rayuwa a matsayin ɗaya daga cikinsu.

To, wane ne uban Harriet? A nan wasiƙun gida suka shigo. Ranar 24 ga Oktoba, 1858, jikar Jefferson mai suna Ellen Coolidge ta rubuta wa mijinta wasiƙa, irin wadda marubucinku yake ganin ba a ja da ita, daga mace zuwa ga mijinta, ba domin jarida ba. A ciki ta wanke kakanta, ta ce mutum mai halinsa ba zai aikata haka a gidan da 'yarsa da jikokinsa suke zaune ba, ta kuma ɗora haihuwar 'ya'yan Sally a kan Samuel Carr, ɗan 'yar'uwar Jefferson. Bayan shekara goma, a 1868, marubucin tarihin Jefferson mai suna Henry Randall ya rubuta wa wani abokin sana'arsa cewa wan Ellen, wato Thomas Jefferson Randolph, ya gaya masa baki da baki cewa Peter Carr ne uban, ɗan'uwan shi Samuel. Jikoki biyu na gida ɗaya, ciki ɗaya, kowa da sunan da ya kama. Wannan saɓani kaɗai ya isa ya sa mai bincike ya tsaya ya yi tunani, amma manyan masana tarihin Amurka suka rungumi zancen 'yan gidan Carr suka yi ta maimaita shi fiye da shekara ɗari.

A ɗaya ɓangaren akwai ƙanen Harriet, Madison Hemings, wanda aka haifa a 1805. A 1873 ya ba wata ƙaramar jarida a jihar Ohayo labarin rayuwarsa, ya ce Jefferson ne ubansu su duka, da shi da Beverly da Harriet da Eston, kuma Harriet ta auri wani farar fata a Washinton, shi ma ya yi shekara goma bai ji daga gare ta ba. Wannan maganar baki ce, ta tsohon bawa, wadda wani ya rubuta masa, don haka aka yi watsi da ita, aka ce neman suna yake yi. A 1998 aka yi gwajin ƙwayoyin gado a kan zuriyar gidajen. Aka tarar cewa wani daga zuriyar Eston ta wajen maza ya dace da zuriyar baffan Jefferson ta wajen maza, bai kuwa dace da zuriyar gidan Carr ba. Ƙari a kan haka, lissafin tafiye-tafiyen Jefferson, wanda shi da kansa yake rubutawa, ya nuna cewa yana Monticello a duk lokacin da Sally ta ɗauki ciki, duk da yawan zamansa a waje saboda aikin gwamnati. A shekarar 2000 gidauniyar da ke kula da Monticello ta amince cewa bisa mafi rinjayen hujja shi ne uban. Har yanzu akwai masu jayayya, suna cewa mai yiwuwa wani namiji ne daga dangin Jefferson, kamar ƙanensa Randolph, amma sunan da wasiƙun gida suka bayar ya faɗi a kan Eston, kuma da faɗuwarsa amincin wasiƙun gaba ɗaya ya girgiza.

Ban ce Ellen ta zauna ta ƙirƙiri ƙarya ba. An haife ta a 1796, ba ta cika shekara biyar ba lokacin da aka haifi Harriet, saboda haka ba ganau ba ce, abin da aka gaya mata a gida take maimaitawa, kuma mutuncin kakan da take ƙauna take karewa. Mutum yakan gaya wa na kusa da shi abin da yake so ya zama gaskiya, gida kuma yakan haɗu a kan labari ɗaya har 'ya'ya su tashi ba su san akwai wani ba. Sirrin da ke tsakanin mace da mijinta yana nuna cewa ta yarda da abin da ta rubuta, bai nuna cewa ta san abin da ya faru ba. Akwai kuma wani abu da ya samu wannan wasiƙa wanda ya kamata masu buga jarida su sani. A wani littafin bincike da ya fito a 1997, aka kwafi jimla ɗaya daga cikinta ba daidai ba, wasu kalmomi suka zube daga tsakiya, ma'anar da Ellen ta nufa game da shigar barori mata ɗakin kakanta ta juye, sai da masu duba asalin takardar suka nuna kuskuren aka gyara. Idan haka ta samu takardar Turanci a hannun masana, ina ga takardar ajami da aka ɗauki hoton rabinta da waya?

Ya kamata kuma a lura cewa gwajin 1998 bai taɓa Harriet ba ko kaɗan, domin abin da aka gwada daga uba zuwa ɗa namiji kawai yake bi. Nasabarta tana rataye ne a kan maganar ƙanenta, da lissafin ranaku, da kuma tambayar da ba ta da amsa sai ɗaya, wato me ya sa mai gandu zai ba baiwa matashiya kuɗin guzuri ya bar ta ta tafi. Haka lamarin mata yake a tarihi sau da yawa. Suna barin gida da aure, ana kiransu da laƙabi ko da sunan 'ya'yansu, jerin sunayen zuriya kuma ta kan maza yake sauka, don haka ɗan abin da aka samu a rubuce game da su sai ya yi nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Yanzu bari in dawo gida. Kakata ta wajen uwa ta yi shekaru masu yawa tana karantar da matan aure Alƙur'ani da hukuncin tsarki da salla a cikin gidanta a tsohon garin Jos, kuma duk unguwar da 'Yar Malam aka san ta. Malam ɗin da ake jingina ta gare shi ya zo ne daga wani ƙauye a ƙasar Kano a zamanin da haƙar kuza ta jawo mutane daga ko'ina zuwa wannan tsauni, bayan ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914. Yana ɗinki da rana, yana karantar da yara safe da dare. Mun tashi mun san shi ne mahaifinta, ba mu taɓa jin wani zance ba. Da kawuna ya rasu aka zo raba kayansa, sai aka samu akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, a cikinsa akwai gafaka, a cikin gafakar akwai takardu goma sha ɗaya na ajami da ɗaya ta Larabci, gara ta ɗan taɓa gefen wasu. Wasu an aiko wa Malam ne daga ƙauye, wasu kuma nasa ne da ya aika, aka dawo da su cikin kayan mahaifiyarsa bayan rasuwarta. Huɗu daga cikin wasiƙun sun shafi kakata.

Ta farko da muka karanta daga Malam ce zuwa ga mahaifiyarsa. Bayan gaisuwa da labarin tsadar hatsi a Jos, ya ambaci sunan yarinyar ya ce 'yarsa tana lafiya, ta fara riƙe allo. Da marubucinku yana wurin, da ya ce a rufe akwati, magana ta ƙare, ga uba da hannunsa yana cewa 'yata. Ta biyu daga tsohuwar ce zuwa gare shi, da rubutun wani malamin ƙauye, tana yi masa gargaɗi a kan yarinyar, tana cewa ya riƙe ta da kyau ko da ba shi ya haife ta ba. A wannan wuri ne masifa ta so ta faɗa mana. Wani yaro daga cikin jikoki ya ɗauki hoton wannan layi kaɗai ya tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp, kuma kafin mako ya zagayo zancen ya kai Bauchi da Kaduna, ya dawo mana da wata kama, har ana raɗe-raɗin abin da ba zan iya maimaitawa ba game da matar da ta karantar da rabin unguwa. Na ga mahaifiyata, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya, tana kuka a kan sallaya saboda uwarta. Ci gaban maganar kuwa yana bayan takardar, inda ba wanda ya juya ya duba. A can tsohuwar ta ce yarinyar amanar ƙanensa ce, marainiya ce, kuma Allah zai tambaye shi a kanta.

Takardun ba su ɗauke da shekara, rana da wata kawai ake sa wa, amma ta uku daga cikinsu ta ba da labarin rasuwar ƙanen Malam tare da mutane da yawa na ƙauyen cikin 'yan kwanaki, da zazzaɓi da tari, har masu haƙa kabari suka gaji. Wannan ya dace da annobar murar da ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1918 ta bi hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa, ya kuma dace da shekarun kakata yadda muka ƙiyasta su. Ke nan uban ya rasu tana goye, uwar ta gama takaba, aka yaye yarinyar, dangin uba suka karɓe ta kamar yadda aka saba, wan mahaifinta ya taho da ita Jos.

Takarda ta huɗu ita ce ta fi koya mini darasi, kuma ba ni na gane ta ba. Daga wata mace ce, ta sa aka rubuta mata zuwa ga matar Malam. Daga farko har ƙarshe ba ta ambaci sunan kakata ba, sai dai ta ce yarinyar nan, ko ta ce wance. Ta tambaya ko ta yi ƙyanda, ta ce ta aiko da zane da daddawa, ta roƙi a riƙa rufa mata jiki saboda ta ji an ce sanyin Jos ba irin na gida ba ne. Wani ɗan'uwana mai digiri biyu ya ce wannan maƙwabciya ce ko 'yar'uwa ta nesa, domin da uwa ce da ta kira 'yarta da suna. Goggonmu, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta dube shi ta ce, "Kai yaro, wace uwa ce take kama sunan 'yar fari?" Nan take kowa ya yi shiru. Alkunyar ɗan fari ita ce ta hana matar faɗin sunan, kuma rashin sunan shi ne hatimin uwa a kan takardar. Sai goggo ta ƙara da abin da ya fi wannan, ta ce a koma kan wasiƙar farko. Kakata ta girmi duk 'ya'yan Malam, saboda haka da ta cikinsa ce da ita ce 'yar farinsa, kuma mutumin wancan zamani ba zai rubuta wa mahaifiyarsa sunan 'yar farinsa ɓaro-ɓaro yana yabon karatunta ba. Sakin bakin da ya yi da sunanta shi ne alamar cewa riƙo ne. Wasiƙar da muka ɗauka hujja ce a kan shi ne uba, da aka karanta ta da idon mutanen da suka rubuta ta, sai ta zama hujja a kan akasin haka.

Wannan shi ne abin da nake so marubucinku ya sa a ma'auni. Kalmomin zumunta a Hausa suna da faɗi. Bahaushe yana ce wa 'yar ƙanensa 'yata, yana ce wa wan mahaifinsa baba, yana ce wa kishiyar uwarsa inna, kuma bai yi ƙarya ba a ko ɗaya. Hasali ma, wanda ya ce 'yar ƙanena a gaban yarinyar da yake riƙo, sai a ga ya nuna bambanci. Ga kuma wahalar rubutun kansa, domin marubutan ajami da yawa ba sa sa wasali a ko'ina, ba sa kuma bambanta 'ya da ya, ta yadda 'yata da yata, wato ɗiyar mutum da yayarsa, suna iya fitowa da sura ɗaya a takarda. Sai mai karatu ya san gidan, ya san wa ya girmi wa, kafin ya san wadda ake nufi.

Abin da ya yanke mana hukunci shi ne takardar Larabcin, wadda ba wasiƙa ba ce, takardar rabon gadon Malam ce da sunayen shaidu a ƙasa. An jera magada, mata biyu da 'ya'ya maza uku da mata biyu, babu kakata a cikinsu. A ƙarshen takardar sai aka rubuta cewa mamacin ya yi mata wasiyya da Alƙur'aninsa na rubutun hannu da ɗaki guda a gidan, kuma an fitar mata daga cikin sulusi. Duk wanda ya yi karatun gado ya san babu wasiyya ga magaji. Malamin da ya san fiƙihu ba zai yi wa 'yar cikinsa wasiyya ba, domin rabonta yana nan Allah ya yanka mata. Ya yi haka ne saboda ya san 'yar ƙane ba ta da kaso, ga kuma 'ya'ya maza a gida, bai kuwa so ta tashi hannu wofi ba. Na fi amincewa da wannan takarda a kan sauran saboda an rubuta ta a gaban mutanen da kowannensu yake da abin samu ko abin rasawa, kuma da an yi kuskure a nasaba da wani ya ɗaga murya. Wasu sun kawo hujjar cewa Malam ne ya yi mata walicci a aurenta, amma wannan ba ya nuna komai, tun da baffa yana yin walicci idan babu uba.

Daga baya na je gaida wata tsohuwa a unguwar Gangare a nan Jos wadda ta yi karatu a hannun kakata, na ba ta labarin abin da muka gano ina jin kamar na tono wani abu da ya ɓace. Ta ce, "Ai 'yar ƙanensa ce, wa bai sani ba? Ku ne dai ba ku tambaya ba." Ba a ɓoye komai ba, kawaici ne ya sa ba a faɗa, har waɗanda suka sani suka ƙare saura ɗaiɗaiku. Na tuna da Madison Hemings a ranar, domin a wurare biyun gaskiyar tana bakin wanda ba a ɗauka da muhimmanci ba, masu ilimi kuma suna can suna juya takarda.

Manyan matan tarihinmu ma ba su fita daga wannan ba. Nana Asma'u, wadda aka haifa a wajajen 1793 ta rasu a 1864, babu mai shakka a kan cewa 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce, domin ita da kanta ta rubuta, 'yan'uwanta da mijinta Waziri Giɗaɗo sun rubuta, zuriyar gidan Waziri a Sakkwato kuma sun adana takardunta. Amma mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sauran matan Shehu ne suka rene ta, cikinsu har da Hauwa, mahaifiyar Muhammadu Bello. Da a ce takardun nan duka sun salwanta, saura guda ɗaya inda ta kira ɗaya daga cikin waɗannan mata inna, da wani mai gaggawa ya ba ta uwar da ba tata ba. Sarauniya Amina kuwa ba ta bar mana wasiƙa ba, shi ya sa littafin Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, tsakanin 1421 da 1438, alhali riwayar Zazzau ta ce 'yar Bakwa Turunku ce, a ƙarni na 16. Idan gobe wani ya fito da takarda ya ce ta warware wannan, tambayoyin da za a yi masa su ne waɗanda ya kamata a yi wa Ellen Coolidge tun farko.

Addininmu bai bar wannan fage babu ƙa'ida ba. Hadisi ingantacce ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne, wato wanda aka haifa cikin aure na mijin ne, ba a kuma cire shi daga nasabarsa da zato. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a kira 'ya'yan riƙo da sunan iyayensu, shi ya sa muka ga wajibi ne mu gyara abin da ke rubuce a gidanmu. Aya ta 4 a Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi mace kamila da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba, kuma mutuwar mace ba ta halatta naman mutuncinta. Malaman Malikiyya sun karɓi shaida a kan rubutun hannu, amma da sharaɗin adilai su tabbatar cewa hannun wane ne, sun kuma karɓi shaidar ji, wato abin da ya shahara a bakin amintattu, a sha'anin nasaba. Ke nan tun kafin a buɗe sashen tarihi a kowace jami'a, alƙalanmu sun san takarda shaida ce da ake yi wa tambaya kamar kowane mai shaida, sun kuma san maganar dattawa tana da nata matsayi a gabanta.

Saboda haka ina roƙonka, ya Edita, idan za ku buga wani abu game da asalin wata mace bisa wasiƙar gida, ku nemi ganin asalin takardar ciki da baya, ku sa mutum biyu masu karatun ajami su juya ta zuwa boko kowa daban, sa'an nan a gwama. Ku binciki shekarun wanda ya rubuta a lokacin da abin ya faru, da abin da yake karewa, ku nemi takardar gado ko ta sayen gida da za ta gaskata ko ta ƙaryata, kuma kada a buga sai an zauna da tsofaffin matan gidan. Ina kuma kira ga masu irin wannan akwati a Jos da kewaye. Tarzomar 2001 da ta 2008 da ta 2010 sun cinye gidaje da yawa tare da takardun da ke ciki, namu ya tsira ne kawai domin wuta ba ta iso layinmu ba. Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da tarin rubuce-rubucen Larabci na hannu, haka ma Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, kuma ko mutum ba zai rabu da takardunsa ba, zai iya neman shawarar masu aikin a kan yadda ake adana su.

Mu dai mun ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya, mun rarraba wa gidaje uku a garuruwa uku, mun naɗe asalin cikin farin ƙyalle mun mayar da shi gafakarsa. A takardar zuriya mun rubuta sunan mahaifin kakata na haƙiƙa, a gefe kuma muka rubuta sunan Malam da cewa shi ya riƙe ta, ya karantar da ita, ya aurar da ita. A unguwa har gobe 'Yar Malam ake ce mata, ba mu kuma hana kowa ba. Bayan ƙaramar sallar da ta wuce na kai mahaifiyata ƙauyen, muka yi tambaya har aka kai mu gidan jikokin matar da ta aiko da zane da daddawa, waɗanda ta samu a aurenta na biyu. Babbar cikinsu ta ce kakarsu har ta rasu, duk shekara idan sanyin hunturu ya kama, sai ta ce ko yaya yarinyar nan take a Jos.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin tarihi,
Jos, Jihar Filato.